Abin da Ya Hana Ni Zuwa Kumasi

'Ya'yana da jikokina, na san maganar da ake yi a bayana, ko da yake ba wanda ya taɓa kawo mini ita a gaba. Ana cewa ƙanena Idi ya kwanta ciwon ajali a Kumasi, aka aiko a kira ni, ni kuwa na zauna a Konni ina sauraron karatun yarinya har aka rufe shi ban je ba. Haka aka yi, ban musa ba. Amma maganar da ke yawo ba ta da farko, ba ta da tsakiya. 'Ya'yan Idi har yau gaisuwarsu gare ni gajera ce, kuma na lura wasunku sun fara yi wa jikata Rakiya wani irin kallo, kamar ita ta riƙe mini ƙafa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda shekarar nan ta tafi, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Sai na fara daga Dogarawa, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Ni da Idi a zauren wani malami muka yi karatun allo, maƙwabcin ubanmu. Ƙa'idarsa ita ce ta kowane malamin kirki: yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo ya durƙusa, ya kifa allon a cinya, ya biya abin da ke ciki da ka, malam yana ji. In ka tsaya, ba zai ɗora ka ba. Sai ya ce koma, ka koma. Wata rana da damina Idi yana tsakiyar biyawa, sai ga wani ya shigo a guje ya ce shanu sun faɗa gonar Malam suna cin gero. Muka zabura duka. Malam bai ko juya ba, ya ɗaga wa mutumin hannu alamar ya dakata. Idi yana in'ina, yana tsayawa, yana sake ɗaukowa, Malam yana zaune kamar ba shi da gona a duniya. Sai da yaron ya kai ƙarshe ya ce masa je ka wanke, sannan ya ɗauki sandarsa. An yi masa ɓarna sosai a ranar. Mu yara dariya abin ya ba mu, muka daɗe muna tsokanar Idi cewa in'inarsa ta cinye wa Malam rabin rumbu.

Bayan nan na yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, sannan hanya ta ɗauke mu. Mun fara da yaran mota, muka koma fatauci. Na zauna Kumasi, na zauna Abijan, na hau Arewa har Tamanrasat, na sauka Lome ba adadi. Idi ya yi aure a Kumasi ya kafe can, ni na dawo gida. A hanya na tsinci Faransanci na gaske, da Zabarmanci, da Buzanci, da harshen Asante, da ɗan Larabci da Turancin kasuwa. Kuma duk inda na je ina leƙa yadda ake koyar da yara, don abin yana ba ni sha'awa. Na ga inda malami ke rubutu a tablo, babban allon bango, yara suna kwafa har a tashi, ba wanda ya buɗe baki. Na ga inda aji duka ke amsawa da murya ɗaya, wanda bai sani ba ya ɓuya a cikin muryar wanda ya sani. Na ga gareji a Kumasi inda maigida ke kwance inji ya ce wa yaro mayar, ya koma gefe ya naɗe hannu. Ni kaina ban taɓa riƙe wani harshe don na ji ana yin sa ba. Sai ranar da na buɗe baki na yi, aka yi mini dariya, aka gyara mini.

To, shekarar da nake ba ku labari Rakiya tana ajin ƙarshe na kwaleji, wanda ake yin babbar jarabawa a ƙarshensa. Ɗiyar babban yayanku ce, wanda kun san ba na kama sunansa, don haka zan riƙa cewa uban Rakiya. Karatun shekarar ya yi ta tsinkewa. Yau malamai sun ajiye aiki, gobe 'yan lakwal sun fita, jibi an dawo ana gudu don a cike abin da aka rasa. Uban Rakiya yana aikin fito da kaya a duwan, wato kwastan, mutum ne mai son abin zamani, sai ya saya mata salula, babbar wayar hannu, ya sa mata layin Najeriya, tunda a unguwarmu rezon can, wato sabis, ya fi kamawa. A ciki ta samo wani malami da ke koyar da lissafi da Hausa, ana ganin hannunsa yana rubutu yana bayani. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na shaida ya iya koyarwa. Yarinyar da ke dawowa daga lakwal fuska a murtuke, sai ga ta tana cewa yanzu ta gane. Tana gama wannan darasi ta ja da yatsa ta shiga na gaba. Gidan duka muka yi ta alfahari. Kakarta Hajiya takan ce wa maƙwabta jikarta ta sa mushe, wato malamin lakwal, a aljihu.

Da sakamako ya fito, ba sunanta.

Uban Rakiya ya shigo da azahar, bai ko cire takalmi ba. Ya karɓe wayar ya jefa a aljihu. Ina zaune a rumfa ina ji.

"Ashe hira kika yi ta yi a ciki, mu muna cewa karatu."

"Wallahi Baba karatu nike."

"To ina shi? Karatun da anka yi, ina ya tahi? An gama. Gobe ki bi uwarki shago, ko awon atamfa ki iya."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Tun tana ƙarama take cewa ungozomar asibiti za ta zama, kuma hanyar ba ta da wata ƙofa sai wannan jarabawa. Ana yarda yaro ya maimaita ajin, amma in uba ya ce an gama, an gama.

Ni ban yarda hira ta yi ba, don na sha wucewa ta bayanta ina jin muryar malamin nan. Sai na hau kabu-kabu na tafi Tsarnawa wurin Mushe Abdu, malaminsu na lissafi, wanda can iyalinsa suke. Na same shi a gona yana noman farko. Ya jingina hauyarsa muka zauna a gindin wata bagaruwa.

"Alhaji, ɗiyarka ba daƙiƙiya ba ce," in ji shi. "Sau da yawa takan rubuta amsa daidai. Amma in na ce ta nuna mini hanyar da ta bi, sai ta yi tsaye. Jarabawarmu kuwa hanya ake dubawa. Can ƙetare a Najeriya, yadda na ji, da yawa amsa ake jera wa yaro ya zaɓa, shi ya sa malaminta ke koya musu saurin cafko ta. Nan sai ka rubuta da Faransanci: ga abin da na sani, ga abin da ya biyo baya, ga dalili."

"To kai mi ya hana ka tambaye ta tun da wuri?"

Ya yi murmushi wanda ba na jin daɗi ba. "Ka taɓa leƙa ajina? In na ce kowane yaro ya tashi ya yi mini bayani, shekara za ta ƙare ban kai bango na baya ba."

Ban ga laifinsa ba. Na dawo gida na karɓi wayar daga hannun uban Rakiya, na ce aro nake. Bayan la'asar na kira ta rumfa.

"Ta-waya, zo ki nuna wa tsoho malamin naki."

"Tsoho, kai da ko saƙo ba ka iya buɗewa?"

"Shi ya sa nika neman mai ilimi."

Ta kunna wani darasi a kan yadda ake gane tsawon itace daga inuwarsa ba tare da an hau ba. Muka kalla tare. Tana gyaɗa kai, wani lokaci har tana riga malamin faɗin abin da zai faɗa. Da ya ƙare ta kai yatsa za ta ja na gaba, sai na riƙe hannunta, na kifa wayar a kan tabarma.

"Biya mini."

"Mi zan biya?"

"Abin da ya ce. Ga dogon-yaro nan a tsakar gida, ga inuwarshi. Hwaɗa mini tsawonshi, ki hwaɗa mini don mi."

Ta fara da ƙarfinta. Jimla biyu ta yi ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, ta tsaya a wuri ɗaya. Hannunta ya tafi wajen wayar da kansa, na janye ta. Ta dubi itacen, ta dube ni, sai a lokacin hawayen da ta hana ubanta gani suka zubo.

"Wallahi lokacin da shike yi ina ganewa."

Na ce na sani. A nan na ga ciwon duka. Malamin cikin waya ya iya rubuta allo, ya fi malamai da yawa da na gani a duniya. Amma ba ya ji. Ba zai taɓa cewa koma ba. Yarinya ta shekara tana wanke allonta da kanta, ba wanda ta durƙusa a gabansa ta biya.

Washegari na kira ubanta na ce ya ba ni shekara ɗaya. Ya sunkuyar da kai, sannan ya faɗi maganar da na san ta daɗe a cikinsa.

"Baba, ka gafarce ni. Kai mutumin hanya ne. Muna yara kakan fara muna abu, sai mota ta yi ƙaho ka tahi, mu ga ka bayan salla. In ka fara da ita ka bari a tsakiya, gara ba a fara ba."

Hajiya tana bakin murhu, ta ce, "Ai bai yi ƙarya ba."

Sai na ce musu, a gaban uwar Rakiya da ita Rakiyar, ba zan kwana a wajen Konni ba har yarinyar nan ta ajiye alƙalamin jarabawa. Ba wanda ya tilasta ni. Hajiya ta ce za ta so ta ga wannan abin mamaki kafin ta mutu.

Haka muka shiga shekarar. Kullum bayan la'asar a rumfa. Darasi ɗaya za ta kalla, ba biyu ba. Ta kifa waya. Ta yi mana bayani da Hausa har sai ni da Hajiya mun gane. Sannan ta sake yi da Faransanci, ta rubuta hanyar daki-daki, ranar da Mushe Abdu ya samu sarari ya duba mata. Ni ban san lissafin nan ba, kada wani ya ce muku na sani. Abin da na sani shi ne muryar mutumin da ke faɗin abin da bai gane ba. Na yi tafinta a kan iyakoki da yawa, na san yadda murya ke sauri in ta zo wurin da take son tsallakewa. Da na ji saurin nan sai in ce, "Dakata. Don mi?" Ta tsani kalmar nan. Akwai ranar da ta yi jifa da alli ta ce malamin waya bai taɓa wulaƙanta ta haka ba. Na ce ai shi bai san an haife ki ba. Hajiya kuwa ta fi ni tsanani, tana tsinke zogale tana jefo tambaya. Ranar inuwar itace ta ce, "To in hadari ya rufe rana, itacen ba shi da tsawo ke nan?" Rakiya ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta tsaya ta yi tunani, ta ba ta amsa mai kyau. Ranar na fara sa rai.

Abin bai tafi a miƙe ba. Watannin sanyi kamar ba ma gaba. Wani darasin mukan kwana uku ko fiye a kansa, alhali da takan haɗiye goma a yini. Ƙawayenta suna cewa sun yi nisa, ita tana baya. Sai da zafi ya shigo na ji muryarta ta canja. Ta daina sauri. Takan tsaya da kanta ta ce, "A'a, tsoho, nan ban gane ba, bari in koma." Wanda ya iya faɗin haka ya kama hanya.

Ana saura 'yan makonni jarabawa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai babban ɗan Idi ya kira daga Kumasi ya ce jikin ubansu ya yi tsanani, yana ta ambatona. Ku sani, uban Rakiya bai riƙe ni da alkawari ba. A ranar ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba tahi, na yafe maganar nan, ko ta ci ko ba ta ci ba za ta ci gaba." Rakiya ma ta ce in tafi. Kada wani ya ɗora musu. Amma hanyar Kumasi a lokacin ba irin wadda muka sani da ƙuruciya ba ce. Wani gefen ba tsaro, wani gefen iyaka a rufe, sai an yi zagaye mai nisa, ga ni tsoho. In na tafi, ba zan dawo kafin jarabawa ba. Kuma na ga idon yarinyar lokacin da take cewa in tafi. Irin idon ubanta ne yana yaro, in mota ta yi ƙaho a ƙofar gida.

Na sa aka haɗa ni da Idi ta wayar Rakiya, irin kiran da ake ganin juna. Daga ni sai Hajiya a ɗaki, can kuma ya sa 'ya'yansa suka jingina masa wayar suka fita. Na ga ƙanena ya ƙare, sai idanu. Na gan shi sarai, har furfurar girarsa, amma ba halin in gyara masa matashi.

"Yaya, yaushe za ka taso?"

Ban ɓoye masa komai ba. Na ba shi labarin yarinyar tun daga farko, da kifa waya, da biyawa, da inda muka kai. Na ce in ya ce in zo, gobe da safe ina tasha. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi, ashe dariya yake, ba ƙarfin fitar da ita.

"Shanu sun shiga gona ke nan," in ji shi.

Ya numfasa, ya ci gaba.

"Ni anka zauna ma, yaya. Da Malam ya tashi ranar nan, da ban ƙara buɗe baki gaban mutane ba, ka san yadda in'inata take. Zauna ta kai ƙarshe. In ka tarar da ni, to. In ba ka tarar ba, ka san inda za a aje ni."

Hajiya tana raye, ku tambaye ta. Ban gaya wa 'ya'yansa wannan ba a lokacin, don mutumin da ke cikin zafin rashin uba ba ya buƙatar a ce masa ubansa ne ya ce kada a zo. Na bar su da fushinsu a kaina, ya fi sauƙin ɗauka.

Idi ya rasu kafin jarabawar. Aka yi zaman makoki a ƙofar gidan nan, mutanen Dogarawa suka zo, na tasha suka zo. Na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa Alhaji da ya zagaye duniya don goro ya kasa zuwa don ɗan'uwansa. Ran addu'ar uku, da jama'a suka watse bayan la'asar, na shiga gida na tarar da Rakiya a bayan ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Tun ranar rasuwar ba ta taɓa littafi ba.

"Ɗauko wayar."

"Tsoho, yau?"

"Yau. An biya kuɗin zaman nan da tsada, ba za mu bar shi ya lalace ba."

Ta zo ta zauna. Ta kalla, ta kifa, ta fara. Ta tsaya a tsakiya. Ban ɗora ta ba. Na jira har ta ɗauko da kanta ta kai ƙarshe.

Ta ci jarabawar. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta kusa ba, amma sunanta ya fito, kuma kun san inda take karatu yanzu. Wayar nan ba ta yar da ita ba, har yau da ita take neman abin da ba ta gane ba. Sai dai na ji ta da kunnena tana ce wa ƙannenta su kifa su biya mata.

Bayan damina na tafi Kumasi ta doguwar hanya. Babban ɗan Idi ya kai ni maƙabarta, yana gaba ina baya. Na durƙusa na yi wa ƙanena addu'a, na karanta masa surar da yake biyawa ranar da shanu suka shiga gonar Malam. Da muka juyo, a bakin ƙofar maƙabartar, yaron ya tsaya bai dube ni ba.

"Baba, yarinyar ta ci?"

"Ta ci."

Ya gyaɗa kai, muka ci gaba da tafiya. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan a kan maganar har yau.

Ba na cewa ku ce na yi daidai. Akwai safiyar da nake tashi in ji da na hau mota, ko hannunsa na riƙe. Abin da nake so kawai, duk wanda ya karanta wannan a cikinku ya kai wa 'ya'yan Idi, kuma kada a ƙara yi wa Rakiya kallon nan. Ni na zaɓa, ƙanena ya sa mini hannu. Ga shi na biya muku yadda na riƙe. In akwai inda na tsallake, Hajiya ta ce mini koma, tun ba a wanke allon ba.